SNAP da hotunan radar na Sentinel-1: yadda manhajar ke ɗaukar nauyin faɗin kilomita 250

SNAP manhaja ce ta kyauta wadda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, wato ESA, take rabawa domin sarrafa hotunan taurarin ɗan'adam na shirin Copernicus, shirin Tarayyar Turai na lura da duniya daga sararin samaniya, kuma ɓangarenta na radar shi ne abin da nake son aunawa a wannan rubutu. Ta gaji manhajoji biyu da suka gabace ta, BEAM da NEST, an rubuta ta da yaren Java, tushenta a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa, tana kuma aiki a kan Windows da Linux da Mac. Tana iya buɗe bayanan taurari da dama, irin su TerraSAR-X na Jamus da RADARSAT-2 na Kanada da ALOS na Japan, amma da yawa daga masu sauke ta saboda Sentinel-1, taurarin radar na shirin Copernicus, suke sauke ta. Saboda haka ma'aunin da ya dace a gwada ta da shi guda ɗaya ne: yaya take bi da bayanan da aka ɗauka da salon TOPS, salon da ke bai wa Sentinel-1 damar ɗaukar zirin ƙasa mai faɗin kilomita 250 a wucewa ɗaya, tare da duk wahalhalun lissafi da wannan faɗi yake jawowa.

Ba za a gane darajar aikin manhajar ba sai an san matsalar da take fama da ita. Radar ta tauraro tana aika bugun sigina zuwa gefe, ta saurari abin da ya dawo daga ƙasa. Kaifin hoto ta shiyyar nisa ya dogara ne da faɗin kaɗawar bugun, kuma Sentinel-1 tana amfani da megahaz 40 da ɗoriya zuwa 56 da ɗoriya a salon da ake magana, abin da ke ba da kusan mita 5 a ƙasa. Ta shiyyar tafiyar tauraro kuwa, dabarar da Carl Wiley ya gano a shekarar 1951 ita ce har yau ake bi: ana tara amsoshin da wuri ɗaya ya dawo da su yayin da tauraron ke wucewa, a yi amfani da sauyin Doppler, wato sauyin kaɗawar amsa yayin da tauraron ke matsowa ko nisantar wurin, a haɗa su, kamar dai an ɗauke su da eriya mai tsawon kilomitoci. Sakamakon lissafin shi ne cewa iyakar kaifin hoto ta wannan shiyya kusan rabin tsawon eriyar gaske ne, wato kimanin mita 6 ga eriyar Sentinel-1 mai tsawon mita 12.3. Sharaɗin samun wannan kaifi shi ne a riƙa aika bugu da sauri, fiye da sau dubu a daƙiƙa, domin tauraron yana tafiyar kusan kilomita 7.5 a kowace daƙiƙa. To amma mai kira a gaban dutse dole ya yi shiru ya ji amsa-kuwwa kafin ya sake kira, in ba haka ba sabon kira ya haɗe da tsohuwar amsa. Radar da ke aika bugu 1,700 a daƙiƙa ba ta da lokacin sauraron da ya wuce na zirin da ke ƙasa da kilomita 90 a ma'aunin nisa. Kaifi yana neman a yawaita bugu, faɗi yana neman a rage shi, kuma duk tarihin radar mai faɗin ɗauka ƙoƙari ne na sasanta waɗannan buƙatu biyu.

Sulhu na farko shi ne ScanSAR, wanda RADARSAT-1 na Kanada, da aka harba a shekarar 1995, ya yi aiki da shi: eriya tana ɗaukar wani ziri na ɗan lokaci, abin da zan riƙa kira gutsure, ta koma na gefensa, ta koma na uku, sannan ta dawo na farko kafin a sami giɓi. An sami faɗi, an rasa kaifi, an kuma sami wata illa, domin wuraren da ke tsakiyar kowane gutsure tsakiyar hasken eriya ke ganinsu, waɗanda ke baki-baki kuma gefen hasken ke ganinsu, sai hoton ya fito da ratsi-ratsin haske da duhu. A shekarar 2006 Francesco De Zan da Andrea Monti Guarnieri suka wallafa salon TOPS, inda eriya ke karkata haskenta daga baya zuwa gaba a cikin kowane gutsure, ta yadda kowane wuri a ƙasa zai ratsa ta dukkan hasken eriya. An fara gwada shi a TerraSAR-X, sannan ya zama salon aikin yau da kullum na Sentinel-1A da aka harba a watan Afrilu na 2014. Kowane tauraron Sentinel-1 yana kewayawa a tsayin kilomita 693, yana amfani da kaɗawar gigahaz 5.405 mai tsawon zango kusan santimita 5.6, yana kuma dawowa kan hanyarsa bayan kwana 12. A salon IW, wanda shi ne na doron ƙasa, ana samun zirare uku da suka haɗu suka ba da kilomita 250, da kaifin mita 5 ta nisa da mita 20 ta tafiya. A salon EW na tekuna da ƙanƙara zirare biyar ne, faɗin kimanin kilomita 400, kaifin mita 20 da 40. Mita 20 ɗin salon IW ta shiyyar tafiya maimakon mita 6 shi ne kuɗin da aka biya don samun faɗi.

Abu na farko da ya kamata mai son sauke SNAP ya sani shi ne inda aikinta ya fara. Manhajar ba ta haɗa hoto daga ɗanyen siginar Sentinel-1. Matse bugu ta shiyyar nisa, gyara lanƙwasar da amsar wuri ɗaya ke yi yayin da tazararsa da tauraro ke sauyawa, matsewa ta shiyyar tafiya, da cire karkatar Doppler ta TOPS kafin matsewar, duk ana yin su a na'urorin sarrafawa na hukumar kafin bayanai su iso ga jama'a. Ɗalibin da ke son ya ga yadda dabarar Range-Doppler, wadda aka ƙirƙira don tauraron Seasat na 1978, ko dabarar Chirp Scaling ta 1994, suke mayar da hayaniyar lambobi hoto, ba zai ga haka a SNAP ba, sai dai ya rubuta nasa ko ya nemi wata manhaja. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, tunda ba don haka aka gina ta ba, amma sunan da ta yi na manhajar sarrafa radar yana sa wasu su zo da tsammanin da ba zai biya ba. SNAP tana karɓar kaya iri biyu: GRD, wanda aka riga aka haɗe gutsattsarinsa aka zubar da matakin zango, wato matsayin da kaɗawar siginar take a zagayenta lokacin da ta dawo, aka bar ƙarfin amsa kawai, da SLC, wanda ke riƙe da ƙarfi da matakin zango duka, kuma gutsattsarinsa suna nan a rarrabe yadda aka ɗauke su. Ana sauke su kyauta daga Copernicus Data Space Ecosystem, wanda ya maye gurbin tsohuwar ma'ajiyar a shekarar 2023, ko daga Alaska Satellite Facility na Amurka.

A kan GRD manhajar tana da sauƙin bi, kuma ba zan daɗe a nan ba. Ana sabunta bayanan hanyar tauraro, a cire hayaniyar cikin na'ura, a daidaita ma'auni zuwa sigma ko beta ko gama, wato hanyoyi uku na auna ƙarfin amsa, a rage ɗige-ɗigen da ke tattare da duk hoton radar, sannan a gyara gurbin kowane fiksel da taswirar tudu da kwari. Manhajar da kanta take sauko da fayilolin hanyar tauraro da taswirar SRTM ko ta Copernicus mai mita 30 idan akwai intanet, kuma wannan sauƙi ne babba ga wanda ya taɓa neman waɗannan fayiloli da hannu. Matatan ɗige-ɗige suna da yawa, daga na Lee da Frost da Gamma MAP zuwa Refined Lee da Lee Sigma, akwai kuma mai tacewa ta hanyar haɗa hotunan lokuta daban-daban, wanda a ganina ya fi sauran amfani ga mai jerin hotuna, domin yana rage ɗige-ɗige ba tare da ya dushe gefunan gonaki da hanyoyi kamar yadda taga mai faɗi ke yi ba.

Wurare biyu a wannan sashe suna buƙatar taka-tsantsan, kuma manhajar ba ta jan kunnen kowa a kansu. Na farko, hoton GRD na salon IW yana zuwa da tazarar mita 10 tsakanin fiksel da fiksel, alhali kaifinsa na gaskiya kimanin mita 20 da 22 ne. SNAP tana nuna mita 10 a akwatin gyaran gurbi a matsayin zaɓin farko, kuma sau da yawa ana ganin rahotanni da ke cewa an yi taswira mai kaifin mita 10 da Sentinel-1, wanda ba haka ba ne. Na biyu, manhajar tana barin mutum ya jera matakai yadda ya ga dama. Wanda ya mayar da ƙarfin amsa zuwa desibel kafin ya tace, ko ya tace bayan ya gyara gurbi, zai sami hoto mai kyan gani ba tare da wani saƙon gargaɗi ba, amma matsakaicin da aka ɗauka a kan desibel ba daidai yake da na ainihin ƙarfi ba, kuma matatan an gina su ne a kan yanayin ɗige-ɗigen hoton da ba a sake shimfiɗa fiksel ɗinsa ba. Ina ganin da an sa ɗan gargaɗi a irin waɗannan wurare da an taimaki sababbin shiga ƙwarai, tunda kuskuren da ba ya tsayar da aiki ya fi wanda ke tsayarwa haɗari.

Cire hayaniyar cikin na'ura ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan ne ɗinkin zirare uku yake bayyana ga ido. A buɗe hoton VH, wato wanda aka aika siginarsa tana kaɗawa a tsaye aka karɓi mai kaɗawa a kwance, na wani yanki mai teku ko tafki mai kwanciya. Ruwa mai santsi yana kawar da sigina daga radar, abin da ke dawowa kaɗan ne, kuma a VH yakan kusanci iyakar hayaniyar Sentinel-1 da ke wajen desibel 22 ƙasa da sifili. Tun da ƙarfin eriya ya bambanta tsakanin tsakiyar ziri da bakinsa, hayaniyar tana fitowa a matsayin dogayen ratsi, ana ganin layin da ziri na farko ya haɗu da na biyu sarai. Matakin cire hayaniya na SNAP yana karanta jadawalin da ke cikin fayil ɗin ya rage wannan ratsi sosai, kuma ga mai taswirar ambaliya bambancin na iya zama tsakanin gane iyakar ruwa da ɗaukar hayaniya a matsayin busasshiyar ƙasa. Ingancin gyaran ya dogara da jadawalin da ya zo da bayanan, saboda haka tsofaffin hotuna na shekarun farko ba sa tsabtacewa kamar na baya-bayan nan.

Game da duwatsu, manhajar tana da matakin daidaita haske bisa gangare, wanda aka gina a kan aikin David Small na 2011, kuma yana rage hasken da ya wuce kima a gangaren da ke fuskantar radar. Yana buƙatar a ba shi beta, wanda ya ba shi sigma zai ga ya ƙi. Inda ƙololuwar dutse ta riga gindinsa dawo da amsa har suka hau juna, ko inda bayan dutse ya faɗa cikin inuwar radar, babu lissafin da zai dawo da abin da ba a ɗauka ba, kuma na yaba da cewa SNAP tana iya fitar da taswirar waɗannan wurare domin a ware su.

Ainihin jarrabawar tana kan SLC, lokacin da ake son ɗora hotuna biyu na ranaku daban-daban a kan juna don auna motsin ƙasa. Idan ƙasa ta matso ko ta nisanta daga tauraro da rabin tsawon zango, wato kusan santimita 2.8, bambancin matakin zango tsakanin hotunan yana cika zagaye ɗaya, wanda ake gani a matsayin zoben launi ɗaya. A tsohon salon ɗauka na ziri guda, ya isa a daidaita hotunan biyu zuwa kashi ɗaya cikin goma na fiksel. A TOPS wannan bai isa ko kusa ba. Dalili shi ne karkatar da eriya ke yi daga baya zuwa gaba tana sa tsakiyar Doppler ta sauya da kusan haz 5,000, wato kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, tsakanin farkon gutsure da ƙarshensa, kuma duk kuskuren lokaci ta shiyyar tafiya yana rikiɗewa ya zama kuskuren matakin zango gwargwadon wannan Doppler. Fiksel ɗaya ta wannan shiyya kusan kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ne. Kuskuren kashi ɗaya cikin goma na fiksel, idan aka ninka shi da haz 5,000, yana ba da cikakken zagaye guda, wato a bakin kowane gutsure za a ga tsalle da ya yi daidai da motsin santimita 2.8 da bai faru ba. Kafin tsallen ya sauko zuwa digiri uku ko huɗu sai an daidaita hotunan zuwa kashi ɗaya cikin dubu na fiksel, wanda a ƙasa bai kai santimita 2 ba, ga fiksel mai tsawon kusan mita 14, daga tauraron da ke tsayin kusan kilomita 700.

SNAP tana cimma wannan da matakai biyu, kuma a nan ne na fi jinjina mata. Matakin Back-Geocoding ba ya dogara da kwatanta kamannin hotuna. Yana ɗaukar hanyar tauraro ta kowace rana da taswirar tudu da kwari, ya lissafa inda kowane wuri ya faɗa a hoto na farko da na biyu, ya cire karkatar Doppler daga hoto na biyu kafin ya sake shimfiɗa shi, sannan ya mayar da ita. Cirewa da mayarwar nan wajibi ne, domin siginar TOPS tana yawo a faɗin kaɗawa da ya ninka saurin fiksel sau da yawa, kuma duk wanda ya sake shimfiɗa ta kai tsaye zai lalata matakin zangon. Ingancin wannan mataki ya rataya a kan fayil ɗin hanyar tauraro: na gaggawa yana fitowa cikin sa'o'i kaɗan, na ƙarshe mai daidaiton kimanin santimita 5 yana fitowa bayan kusan kwana 20, kuma wanda ba ya cikin gaggawa gara ya jira na ƙarshe. Mataki na biyu shi ne ESD. Gutsattsari biyu da ke bin juna suna da ɗan yankin da dukansu suka ɗauka, ɗaya yana kallonsa ta gaba, ɗaya ta baya. Manhajar tana auna bambancin matakin zango tsakanin kallon biyu a wannan yanki, ta juya shi ya zama ragowar kuskuren lokaci, ta gyara hoton duka da shi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin babban bambancin Doppler da ya haddasa matsalar shi ne kuma ya sa ma'aunin ya zama mai kaifi.

A gwaji a kan busasshiyar ƙasa ko birni, inda hotunan biyu ke jituwa sosai, sakamakon yana da gamsarwa: kafin ESD ana iya ganin siraran layukan tsalle a kwance bayan kowane kilomita 20 ko makamancin haka, bayansa zoben launi suna ratsa bakin gutsattsari ba tare da karyewa ba. Sai dai akwai sharuɗɗa. ESD ba ya aiki da gutsure ɗaya tak, tunda babu yankin haɗuwa, saboda haka wanda ya yanke yankinsa ƙanƙane a matakin TOPSAR-Split don rage nauyi ya hana kansa wannan gyara. A kan dazuzzuka masu kauri ko ruwa, inda zango mai santimita 5.6 ke rasa jituwa cikin 'yan kwanaki, ma'aunin yana raunana. Akwai kuma wani lamari da ya kamata mai nazarin girgizar ƙasa ya riƙe: tsalle a bakin gutsure ba kullum kuskure ba ne. Idan ƙasa ta motsa da gaske ta shiyyar tafiyar tauraro, wato kusan arewa ko kudu, tsallen gaskiya ne, kuma masu bincike sun yi amfani da shi wajen auna irin wannan motsi bayan girgizar Illapel ta ƙasar Chile a watan Satumba na 2015. ESD yana ɗauka cewa kuskuren iri ɗaya ne a ko'ina cikin hoto, saboda haka a babbar girgiza yana iya haɗiye wani ɓangare na motsin da ake nema. Manhajar ta ba da damar a tsallake matakin, amma sanin lokacin tsallakewar na mai aiki ne.

Daga nan matakan haɗe gutsattsari, haɗe zirare uku, cire tasirin tudu da kwari, da matatar Goldstein mai rage hayaniyar matakin zango duk suna nan kuma suna aiki yadda ya kamata. Inda sarƙar ta katse shi ne wajen warware zoben launi zuwa ainihin adadin motsi. SNAP ba ta da nata mai warwarewa mai ƙarfi. Tana fitar da bayanai zuwa SNAPHU, manhajar da Curtis Chen da Howard Zebker suka rubuta a Jami'ar Stanford, sannan a dawo da sakamakon. Zaɓin SNAPHU daidai ne, domin ita ce mafi yawan masana ke dogara da ita, amma fita da dawowar suna rikita sabon shiga, kuma babban hoto sai an raba shi kashi-kashi, abin da ke iya barin tabo a mahaɗa. Haka nan wanda ke son bin nutsewar birni tsawon shekaru da hotuna ɗari ko fiye zai yi shirin farko a SNAP, amma nazarin jerin lokaci sai ya koma StaMPS ta Andy Hooper ko makamanciyarta. Hoto biyu kaɗai kuwa suna ɗauke da tasirin tururin ruwa na sararin sama, wanda shi kaɗai yana iya zana zobe ɗaya ko biyu, kuma abin da suke aunawa motsi ne ta layin kallon radar kawai.

Nauyi shi ne ƙorafin da aka fi yi a kan manhajar, kuma yana da tushe. Fayil ɗin SLC guda na salon IW yana kai gigabait 4 ko fiye a matse, kuma ɗora biyu a kan juna tare da duk abin da ake samarwa a tsakani yana cin faifai da RAM da yawa. Kwamfuta mai gigabait 8 za ta iya aikin GRD, amma ga SLC gigabait 16 shi ne inda aiki ke fara tafiya, 32 kuma shi ne inda ake samun sukuni. Tsarin SNAP shi ne ta raba hoto zuwa ƙananan murabba'ai, ta lissafa kowanne sai lokacin da mataki na gaba ya neme shi. Wannan yana da kyau wajen duba hoto a allo, amma a doguwar sarƙa mai matakai goma, idan wurin ajiyar wucin gadi ya cika, sai manhajar ta zubar da murabba'an da ta riga ta lissafa ta sake lissafa su, aikin da bai kamata ya daɗe ba ya ɗauki sa'o'i. Maganin da masu amfani da ita suka saba da shi shi ne a raba sarƙar gida biyu ko uku, a rubuta sakamakon tsakani a faifai, musamman bayan ɗora hotuna da kuma kafin gyaran gurbi, a kuma ƙara adadin RAM da aka ware wa Java a fayil ɗin saiti. Sakamakon tsakanin a ajiye shi a tsarin BEAM-DIMAP, domin shi ke riƙe da bayanan hanyar tauraro da lokutan gutsattsari da matakan gaba ke buƙata. GeoTIFF na ƙarshen aiki ne, lokacin da za a kai taswira manhajar taswirori ta QGIS.

Abin da ke rage wannan nauyi shi ne Graph Builder, allon jera matakai, da abokin aikinsa gpt, mai gudanar da matakan a layin umarni. Mutum yana jera matakai a allo da linzami, ya haɗa su da kibiyoyi, ya gwada a kan hoto ɗaya, ya ajiye sarƙar a fayil ɗin XML, sannan ya gudanar da ita a layin umarni a kan hotuna da yawa ba tare da buɗe tagar manhajar ba. Fayil ɗin nan shaida ce ta abin da aka yi, ana iya miƙa shi ga abokin aiki ya maimaita sakamakon daidai, kuma wannan yana da muhimmanci a aikin kimiyya. Akwai hanyar kiran manhajar daga Python, amma haɗa ta yana da ɗan wuya, kuma a ganina kiran gpt daga cikin Python ya fi kwanciyar hankali.

Idan aka kwatanta ta da takwarorinta, GAMMA ta Suwizalan da SARscape sun fi ta cikar kayan nazarin jerin lokaci, amma na kuɗi ne. ISCE ta cibiyar JPL ta hukumar NASA da GMTSAR kyauta ne kuma sun fi dacewa da tarin hotuna masu yawa, sai dai duk aikinsu a layin umarni ne, babu allon da zai nuna wa ɗalibi gutsattsari tara a jere da baƙaƙen layuka tsakaninsu. Hidimar HyP3 ta Alaska Satellite Facility tana yin dukkan sarƙar a na'urorinta ta miƙo sakamako, wanda ya dace da mai son amsa kawai. Fifikon SNAP shi ne ana iya tsayawa bayan kowane mataki a buɗe abin da ya fito a duba, a ga hoton jituwa, a ga matakin zango kafin tacewa da bayanta, a karanta ƙimar kowane fiksel. Ga malami da ɗalibi, da ma'aikacin da ke sarrafa hotuna goma ko ashirin na yanki ɗaya, ban san wata manhajar kyauta da ta kai ta ba. Wanda zai sarrafa ƙasa guda na tsawon shekaru ya fara da ita don ya fahimci matakan, sannan ya koma kayan da aka gina don wannan girma.

Tambayar da ta rage ita ce yadda za ta kasance da sababbin taurari, domin TOPS bai warware saɓanin kaifi da faɗi ba, rabon gado kawai ya yi tsakaninsu. Sababbin dabaru suna neman duka biyun a lokaci guda. Ɗaya ita ce a raba eriyar karɓa gida-gida ta shiyyar tafiya, ta yadda bugu ɗaya zai dawo da samfura da yawa, sannan a sake gina siginar da lissafin da Gerhard Krieger da Nicolas Gebert da Alberto Moreira na cibiyar DLR ta Jamus suka bayyana a 2004. Wata ita ce a haska faɗin ƙasa duka, sannan a bi amsar da siririn hasken karɓa yayin da take ratsa zirin. ALOS-4 na Japan, da aka harba a watan Yuli na 2024, yana ɗaukar faɗin kilomita 200 da kaifin mita 3, inda ALOS-2 ke ɗaukar kilomita 50 a wannan kaifi. NISAR na Amurka da Indiya, da aka harba a watan Yuli na 2025, yana amfani da faifan eriya mai faɗin mita 12 don ɗaukar kimanin kilomita 240. A irin waɗannan taurari haɗa hasken karɓa yana faruwa a cikin tauraron, sake gina siginar kuma a na'urorin hukuma, saboda haka kason aikin da ke isowa hannun mai SNAP zai ƙara raguwa, girman fayilolin kuma zai ƙaru, wanda shi ne daidai inda manhajar ta fi rauni a yanzu. Amma bayanan TOPS ba za su ƙare da wuri ba: bayan Sentinel-1B ya daina aiki a watan Disamba na 2021 sakamakon matsalar wutar lantarki, an harba Sentinel-1C a watan Disamba na 2024 da salon ɗauka iri ɗaya, kuma ma'ajiyar da ta fara tun 2014 tana ci gaba da ƙaruwa da hotunan da duk sai an raba gutsattsarinsu, an daidaita su zuwa kashi ɗaya cikin dubu na fiksel, an kuma sake haɗe su kafin a auna motsin ƙasa.